Kafin ka ɗora hoton gawa a sitatus

Wata Juma'a da yamma muna dawowa daga aiki, ni da wani abokin aikina Bajamushe a motarshi, sai muka ishe cunkoso a babbar hanyar da ta shigo Frankfurt. Tun kafin mu ji jiniya motoci suka fara motsi. Waɗanda ke layin hagu suka raɓe har suna neman gogar ƙarfen tsakiya, sauran duk suka matsa dama, fili ya buɗe tsakaninsu iyakar ganinka. Babu ɗan sanda a wurin, babu mai daka tsawa, babu wanda ya danna hon. Doka ce a nan, duk wanda ya ƙi buɗe wannan hanya zai biya tarar da ta fara daga Yuro 200, a kuma hana shi tuƙi na wata guda. Can sai ga motar asibiti ta wuce a guje, ta kashe gobara na bin ta.

Amma ba wannan ne ya tsaya mani a rai ba. Da muka matso inda hatsarin ya faru, sai na ga an kakkafa shingen tamfol wanda tsayinshi ya fi mutum, an zagaye wurin gaba ɗaya. Ba ka ganin komai sai walƙiyar shuɗiyar fitila da saman wata babbar mota. Ɗan sanda guda ya juya wa hatsarin baya, mu yake kallo, direba bayan direba. Wani mutum a ƙaramar motar kaya da ke gabanmu ya ɗaga waya ta taga, nan take aka yi mashi nuni ya sauka gefe. Na tambayi abokina laifin me ya yi. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin halin ni-'yasu laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyu, kuma daga farkon 2021 dokar ta haɗa da hoton wanda ya riga ya mutu. Ya ƙara da cewa koma waye a bayan tamfol ɗin nan, yana da uwa ko mata da ba a kai ga shaida masu ba tukuna.

Shiru na yi har muka isa gida, domin ni na san yadda muke yi, ku ma kun sani. Mota ta faɗi tsakanin Kano da Katsina, ko a hanyar Daura, kafin a nemo mai ɗaukar waɗanda suka ji ciwo wayoyi goma sun riga sun yi sama. Kafin la'asar hoton ya zagaye guruf-guruf: fuska a buɗe, jini, wani lokacin har tsiraici, an rubuta innalillahi a ƙasa an ce duk wanda ya san shi ya sanar da 'yan uwanshi. Har da mata. Macen da tun da aka kai ta ɗakinta ko maƙwabci bai san kamanninta ba, ranar da ta fi bukatar sutura ita ce ranar da duniya za ta gan ta ba mayafi.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ba mu da uzurin rashin sani. Mu ne masu zaure. Baƙo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a aiko yaro ya ce ana zuwa, ya jira. A makarantar allo da Islamiyya aka karantar da mu cewa ba a shiga gidan wani sai da izini, in ka nema sau uku ba a ba ka ba ka juya. Aka karantar da mu ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane, da falalar wanda ya rufa wa ɗan uwanshi asiri. Wankan gawa ma ba kowa ke shiga ba, kuma wanda ya shiga ba ya fitowa ya ba da labarin abin da ya gani. Waya ta zo mana gida marar zaure, daga titi sai tsakar ɗaki, mu kuma muka karɓe ta a haka ba mu yi mata ko asabari ba.

Jamusawa ba daga littafin addini suka samo nasu ba, wuya ce ta koya masu. A Jamus ta Gabas, hukumar leƙen asiri ta Stasi tana da ma'aikata kusan 91,000 a 1989, ban da 'yan rahoto da ke cikin maƙwabta da abokan aiki, wani lokacin har cikin gida ɗaya. Takardun da suka bari, in aka jera su, sun kai kilomita 111, kuma tun 1992 mutum na iya neman a nuna mashi fayil ɗinshi ya karanta abin da aka rubuta a kanshi. Kafin wannan kuma ga zamanin Hitila, lokacin da rajistar sunaye da addini ta taimaka wajen zaƙulo waɗanda aka hallaka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne jihar Hesse, inda nake zaune, ta yi dokar kare bayanan mutane tun 1970, ta farko a duniya, a lokacin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. A 1983 kotun tsarin mulkinsu ta taka wa gwamnati birki a kan ƙidayar jama'a, ta ce mutum ne ke da ikon cewa wa zai san me a kanshi. Da Google ya zo ɗaukar hotunan tituna, gidaje sama da 240,000 suka rubuta a 2010 suka ce a dusashe nasu.

Kuma abin ya shiga jininsu har cikin ƙananan al'amura. Ranar da muka kai ɗiyata makarantar rainon yara, takarda aka miƙo mana mu sa hannu: mun yarda a ɗauke ta hoto ko ba mu yarda ba, in mun yarda, a manna a bangon aji kawai ko har a shafin makaranta. Kowane layi da akwatinshi. A labaran talabijin, wanda ake tuhuma da kisan kai ma sai ka ga an dusashe fuskarshi, ko ya shigo kotu ya kare ta da fayil, a faɗi sunanshi na farko da harafi ɗaya na sunan mahaifi, har sai alƙali ya yanke hukunci. Ku tuna yadda ake holin waɗanda ake zargi a gida: a zaunar da su ƙasa ba riga, a tura masu makirufo a baki. In gobe kotu ta wanke mutum, wa zai bi waya-waya ya goge?

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mani: ka je Turai ka dawo kana raina mu. Wasu kuma suna da hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa in ba don hoto da bidiyo ba, hare-haren da ake kai wa ƙauyukan Batsari da Jibiya da Faskari da Safana da sai a ce ba a yi ba. Gaskiya ne. Lokacin da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, surutun da aka yi a intanet ya taimaka duniya ta waiwayo. Bajamushe yana da jaridar da za ta je ta ƙirga, da ɗan sandan da zai rubuta, talakan ƙauye kuwa wayarshi ce kawai shaidarshi. Na yarda da wannan. Sai dai shaida daban, tallar gawa daban. Ana iya nuna gidan da aka ƙone, da rumbun da aka fasa, da jerin makara a lulluɓe, duk wanda zai gaskata ya gaskata. Buɗe fuskar mamaci ba ya ƙara wa hujja komai. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin masu turawa ba hukuma suke tura wa ba, so suke a ce su suka fara kawo labari.

Dokar ma ai muna da ita. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya, da hukumarta. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Madalla. Amma wace doka ce za ta hana mutum miƙa wa mai POS katinshi ya faɗa mashi lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar kasuwa? Ko ya bar wayarshi a buɗe wurin mai caji ko mai tura fina-finai, da hotunan iyalinshi a ciki? Zuwana gida na ƙarshe na sayi balangu, da na warware takardar sai ga fom ɗin wata baiwar Allah, da hotonta da lambar wayarta da ta katin ɗan ƙasa, mai ya jiƙa rabin fuskarta. Ga manhajojin bashi da ke kwashe lambobin da ke cikin wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukinka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Sai da Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023, amma mu da hannunmu muke danna "na yarda" ba mu karanta ba.

Kada ku ɗauka daɗi nake ji da komai na nan. Wannan kame kai nasu yana da sanyin da ke shiga ƙashi. Wata tsohuwa a benenmu, wadda muke gaisawa a matakala, ta daina fitowa. Ba wanda ya ce komai. Sai da na ga ana fitar da kujerunta aka cire sunanta daga jikin ƙararrawar ƙofa na gane ta rasu. Ba zaman makoki, ba tabarma a ƙofar gida, ba wanda zan je in ce wa ya haƙuri. In abokinka na kwance a asibiti ka buga waya, ba za su gaya maka halin da yake ciki ba tunda kai ba danginshi ba ne. A ranakun nan nakan ji ina ma a ce ina Katsina, inda ciwon kai ma sai unguwa ta zo dubiya. Kuma ni ɗin nan da ke wannan magana, da hotunanku nake rayuwa. Ranar hawan Sallah ina zaune a ɗaki ina bin bidiyon da wani ya ɗauka a Ƙofar Soro, hoton na rawa, ƙura ta rufe rabi, amma ina jin algaita da ƙarar bindiga ina share hawaye. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a Satumbar 2021, mu da ke waje mun ɗanɗana kuɗarmu, mai dangi a can ba ya barci. Don haka ba cewa nake ku ajiye waya ba. Wallahi in kuka ajiye, mu ne za mu fara shiga uku.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma na san zafinshi a jikina. Rasuwar kawuna, ƙanin mahaifiyata wanda ya riƙe ni ina ƙarami, a guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare na gan ta. Ina wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, na buɗe waya sai ga shi kwance a gadon asibiti an ɗaure mashi haɓa, wani ya rubuta Allah ya jiƙan baba. Wanda ya tura bai ma san kawuna ba ne, shi ma turo mashi aka yi. A lokacin 'yan gidanmu suna can suna shawarar wanda zai kira ni da yadda zai fara. Sun so su yi yadda aka saba: a sami babba mai nutsuwa, ya tambaye ka aiki, ya ce jikin kawu fa ya yi tsanani, ya bar ka ka shirya zuciyarka, sannan ya ce sai haƙuri. Wannan tausayi ne da kakanninmu suka san darajarshi, shi ya sa ba a aiken yaro da labarin mutuwa. Wani da babban yatsanshi ya riga su. Har yau in na tuna kawu, wannan hoton ke fara zuwa mani kafin fuskarshi ta gaskiya, kuma ban san ranar da zan yafe wannan ba.

Ku da ke gida kuna da abin da ba mu da shi. Za ku yi wanka, ku sallace shi, ku raka shi, ku zauna karɓar gaisuwa har sadakar uku da ta bakwai. Mu ko a ranar muka samu jirgi, sai mun sauka Abuja ko Kano sannan mu kamo hanya, alhali wanda ya rasu da safe kafin azahar an rufe shi. Wannan kiran wayar shi ne kaɗai rabonmu a cikin jana'izar. Shi ya sa na zaunar da ƙanena na ce mashi, Malam, in wani abu ya samu Hajiya, kada ka tsaya lissafin ko ina barci ko ina aiki. Tsakaninmu awa ɗaya ce da bazara, da hunturu ma agogonmu ɗaya. Ka kira ni da bakinka, kuma ka tsaya a ƙofar ɗakin kada ka bari kowa ya shiga da waya a hannu.