Malam, ba albashi ne ke ciyar da kai ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman makaranta, dan Allah ku karanta har ƙarshe.

Akwai wata malama baƙar fata a Amurka, Septima Clark, ba musulma ba ce amma wlh labarinta ya isa ya sa mu sunkuyar da kai. Mahaifinta cikin bauta aka haife shi. A 1916 ta fara koyarwa a tsibirin Johns, don a garinsu Charleston an hana baƙaƙe koyarwa a makarantun gwamnati.

Shekara 40 tana riƙe da alli, sai a 1956 jiharsu South Carolina ta kafa doka wai duk ma'aikacin gwamnatin da ke cikin NAACP, ƙungiyar ƙwato 'yancin baƙaƙe, ya fita ko ya rasa aiki. Baiwar Allah nan ta ce ba inda za ta. Aka sallame ta aka riƙe fanshonta, tana da shekara 58 fa, lokacin da wani ke lissafin giratuti.

To mu da muke karanta cewa babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah, kuma Annabi (SAW) ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya gaban azzalumin shugaba, mu ne da an yi mana barazanar tiransifa zuwa ƙauye sai jiki ya hau rawa, mu sa hannu kan ƙarya, mu ƙara wa ɗan oga maki. Subhanallah.

Ita kam ba ta naɗe hannu ba. Lokacin ana hana baƙaƙe rajistar zaɓe sai sun ci jarrabawar karatu, sai a 1957 ita da Esau Jenkins, wani ɗan gwagwarmaya a tsibirin Johns, suka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ɗakin bayan wani shago, 'yar uwarta Bernice Robinson mai gyaran gashi ce ke koyarwa, dattawa suna zuwa da dare bayan aikin gona su koyi rubuta sunansu, su karanta wasiƙar 'ya'yansu da kansu, daga nan su je su yi rajista. Ba lasifika ba hayaniya, a haka azuzuwan suka bazu a kudancin ƙasar.

Kuma ku dubi ikon Allah, a 1975 aka zaɓe ta cikin hukumar ilimin Charleston, garin da aka kore ta, a 1976 aka maido mata da fansho. Ta rasu 1987.

Yanzu a layinku akwai gyatumar da sai ta nemi yaro ya karanta mata takardar magani, kai kuma malam bayan la'asar kana majalisa. Ka same ta gobe in Allah Ya kai mu, ku fara da sunanta.