Garin Neman Gira

Oga ne ya ce in kintsa takardun bayanin injin CNC ɗinmu, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, kun dai san yadda suke, rabi a kwamfuta rabi a bayan kwali. Kwana uku na yi ina share-share. Na mayar da inci milimita, na rubuta lissafin SCALE tsaf, wato yawan takin moto a kowace milimita: moton sitefa taki 200 a zagaye ɗaya, sau 16 na ƙananan taki, a raba da milimita 5 na zaren sukuru, 640 ke nan a kowace milimita. Sai na iso jadawalin ƙafafun parallel port, soket ɗin da ke haɗa kwamfuta da inji, ƙwalisa ta motsa, na ce bari in jera sunayen bisa haruffa.

Sunayen kaɗai na zaɓa na jera. Lambobin suna nan inda suke.

Asali ƙafa ta 2 xstep ce (bugun taki na layin X), ta 3 xdir (alƙiblarsa), 4 da 5 na Y, 6 da 7 na Z. To, a jerin haruffa d kafin s take zuwa. Duka ukun suka yi musaya, ni kuwa ina ta yaba kyan shafi.

Da sabon yaron aikinmu ya sake jan wayoyi, takardata ya bi ƙafa da ƙafa. Aka kunna LinuxCNC, manhajar da ke tuƙa injin, aka ce X ya tafi milimita 100. Lambobi na gudu a fuskar kwamfuta, inji ko gezau, moto ya riƙe ƙam. Nan na gyara tsayuwa gaban mutum biyar na soma wa'azi. Na ce steplen, tsawon lokacin kowane bugu, shi ne ya yi gajarta, na ɗaga shi daga nanosakan 5000 zuwa 10000. Shiru. Na ƙara dirsetup, jinkirin da ke tsakanin sauya alƙibla da bugu. Shiru. Na juya kan yaro.

"Kai, ka karanta takardar kuwa?"

"Yallabai, ita na bi."

Na fizge ta, na karanto jadawalin da ƙarfi, layi-layi, har ina buga yatsa a kai.

Baba mai gilashi, abokin aikinmu, bai ce uffan ba. Ya ɗora mitar auna wuta a kan PUL, mashigar bugu ta direba (na'urar da ke juya moto), ya ce a tura dama: volt 5, zaune daram. A tura hagu: sifili. Ya koma kan DIR, mashigar alƙibla, can ne lamba ke rawa. Wato direba bugu ɗaya tak yake samu, sai an juya alƙibla, ɗaya bisa 640 na milimita. Wa zai gan shi?

"Malam," in ji shi, "wa ya rubuta sabuwar?"

Sunana na ƙasan shafi, da manyan haruffa, har da kwanan wata. Ni na ƙara shi da hannuna.

Sai ya zaro kwalin. Wannan kwalin dai mai maiƙo, wanda sau biyu ina jefa shi kwandon shara yana tsamo shi. Mutumin da a rubutunsa 7 da 1 ba su da maraba, wanda ya ari sukundirebata tun bara yake cewa tana nan, shi ne ya buɗe kwali a hankali yana hure ƙura, alhali babu wata ƙura. Wannan hurawar ce ta fi ci mini rai.

Za a iya juya layukan a fayil ɗin HAL, inda manhaja ke raba wa ƙafafu aikinsu, amma Oga ya ce a mayar da wayoyi shida mazauninsu, ni zan kwance. Yaron ya riƙe mini tocila, can ya ce, "Yallabai, na Z ɗin takarda za mu bi ko kwali?"

Sukundirebar ma da na yi aikin da ita, tawa ce, Baba ya ara mini, ya kuma karɓe.