Ranar da Na Mayar da Goggo Sifili

Sati shida kacal na yi da fara koyon rubuta manhaja a jami'a, kaina ya kumbura. Na sa kwamfuta ta gaishe da duniya, na sa ta ƙirga ɗaya zuwa ɗari ba tuntuɓe, shi ke nan na fara ganin kowa a matsayin ɗan ƙauye. In na hau bas daga Samaru zan koma gida Tudun Wadar Zariya, a cinya nake ɗora jakar laftof, in ɗan zuge zif don na kusa da ni ya san da wa yake zaune. Ta hannu ce, a unguwar PZ na saye ta, batirinta ba ya wuce minti 25, amma wannan sirri ne tsakanina da ita.

Inna ta tambaye ni me ake koya mana, na ce Python. Autarmu, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta yi caraf ta ce ai mesa ke nan. Inna ta saki salati. Na zauna na yi bayani cewa harshe ne na ba kwamfuta umarni, wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991, sunan ma daga wani shirin barkwanci na talabijin a Ingila ya samo shi. Ta ce, "Ko ma dai mene ne, kada ka shigo min da shi ɗaki."

Inna uwar adashe ce. Mata 11, hannu 12, zubin naira 5,000 duk Asabar, Auta ke rubutawa a wani littafi da manja ya gama ɓata wa bango. Na dubi littafin nan na ce, "Inna, wannan zamanin ya wuce, ki bar min aikin." Kwana uku ina kai. Na rubuta kuɗin kowa a cikin manhajar da hannuna, na gwada, ta ba ni 60,000 cif. Daren Juma'a sai na ga abin bai cika burgewa ba, gara kwamfutar ta riƙa tambaya da kanta, ni kuma ina shigar da kuɗin a gaban jama'a. Na gyara layi biyu, aka ɗauke wuta, na kwanta ban sake gwadawa ba.

Asabar bayan la'asar aka baza tabarmi a tsakar gida. Na kifa turmi na ɗora laftof. Goggo, yayar Baba, ita ce mai hannu biyu, ita aka fara kira. Na shigar da 5000, na sake shigar da 5000, na danna. Allo ya nuna 50005000, ni kuma bakina ya riga hankalina, na karanta da ƙarfi: "Goggo ta zuba miliyan hamsin da dubu biyar."

Wata ta rangaɗa guɗa. Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi. Sake faɗa, ɗan nan, na baya ba su ji ba."

Abin da ya faru, duk abin da mutum ya buga wa Python ta hanyar tambaya, a matsayin rubutu take karɓarsa, ba lamba ba. In ka ce ta tara rubutu biyu, liƙa su take yi gefe da gefe kamar buhunan masara a sito. Kalma ɗaya mai harafi uku, int, ita ke mayar da rubutun lamba. Malaminmu ya faɗa, na tabbata ya faɗa, amma ranar ina can kujerar baya ina ɓare gyaɗa.

Na share gumi na ce a bar lissafi tukuna, mu duba jerin kwasa, nan kam ba kuskure. A ƙuri'ar da aka yi, Goggo ce ta ɗauki lamba ɗaya, kuma sunanta na fara rubutawa. Na tambayi kwamfuta wace ce lamba 1. Ta fito da sunan kishiyar Goggo. Mutanen nan shekara da shekaru ba sa ga maciji da juna, sai ga mesa ta haɗa su.

Kishiyar ta yi murmushi ta ce, "To, ai na'ura ba ta ƙarya."

Nan na yi kuskuren da ya fi na farko, na tsaya bayani. "Goggo, ki kwantar da hankali, sunanki na nan. Ita kwamfuta daga sifili take fara ƙirga jeri, ke ce a sifili."

"Ni ce me?"

"Sifili, Goggo. Wato..."

"Ni da na yi maka wankan jego da uwarka, yau ni ce babu? Yanzun nan ina da miliyan hamsin, kafin a yi sallar magariba na zama sifili?"

Na kai hannu in nuna mata yadda abin yake, allon ya yi ɗif. Minti 25 sun cika.

Ba wanda ya ce uffan. Auta ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da littafin manja da guntun fensir. Kafin in gama naɗe wayar caji ta kira sunaye, ta tara kuɗi, ta miƙa wa Goggo 60,000 a ƙulle da roba. Goggo ta ƙirga sau biyu, ta zare naira 200 ta ba Auta tukuici, ni ko kallo ban samu ba.

Ranar Litinin na gyara duka biyun a ƙasa da minti biyar, na kai wa Inna ta gani. Ta ce ta gode, Allah ya yi albarka, in ajiye sai an neme ni.

Wata biyu ke nan. Shekaranjiya na haɗu da Goggo a gidan suna a Gyallesu, na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta tambayi karatu, sannan ta juya wajen matan da ke kusa da ita ta ce, "Wannan ne ɗan ƙanen nawa da nake ba ku labari. Ina bin sa saura miliyan arba'in da tara da wani abu."