Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau

Makon jiya a kasuwar Garwa wata yarinya mai tallar gyaɗa ta faɗi tana jijjiga, dab da kaskon mai tuyar ƙosai. Jama'a suka ja baya. Wata baiwar Allah har ta riƙe mini hannu: "Malam, kada kumfar bakinta ta taɓa ka!" Ban ga laifinta ba, haka muka taso muna ji, wai farfaɗiya ta miyau ake ɗaukarta. Amma abin ya tsaya mini a rai, don saura ƙiris yarinyar ta ƙone.

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Saƙonnin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci, sai jiki ya ɗauki rawa, kumfar kuwa miyau ne da aka kasa haɗiyewa. Sau da yawa sanadin farfaɗiya tabo ne a ƙwaƙwalwa da wahalar haihuwa, buguwar kai, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau suka bari, mu kuwa mun san sanƙarau da bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum.

In ka ga ta tashi wa mutum, janye shi daga wuta ko ruwa, ka tallafe kansa da zane, ka kwantar da shi a gefensa. Kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Jijjigar in ta wuce minti 5, sai asibiti.