Ƙafa huɗu a baki, biyu a yashi

Tunda hoton da aka ɗauke ni ranar da motata ta kafe a yashi ya riga ya zaga wayoyi, har mutanen Garwa sun fara kirana suna yi mini jaje cikin dariya, gara ku ji zancen daga bakin mai shi. Kuma tun yanzu ina faɗa, motar ba ta da laifi.

Kun san ta. Land Cruiser HJ60 ɗin Kawu, ƙirar 1984, wadda ta shekara tara a gindin dogon yaro kaji na kwanci a kujerar baya. Wata goma sha huɗu na yi a kanta, Asabar da Lahadi, har uwargida ta raɗa mata suna Amarya. Injin 2H ne mai shan gazuwal, wato man dizal, silinda 6, lita 4, ba turbo, ba bel ɗin taimin, haƙoran giya ke juya komai. A kafe na same shi. Na cire bujin zafi guda shida, na tsiyaya gazuwal a kowane rami, na bar shi kwana goma, kullum ina lallaɓa fulin gaba da dogon ƙarfe, kaɗan gaba kaɗan baya, har ya saki. Mai son yin haka ya kiyaye: kafin a mayar da buji sai an murza injin ramukan na buɗe ya tofar da abin da ke ciki. Ruwa ba ya matsuwa, in an rufe shi a ciki sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Tanki mai lita 90 na sauke shi na wanke, na canza filta, na ja gazuwal da ɗan famfon hannu da ke jikin famfon allura har kumfa ya daina fita. Baƙin mai kusan lita 10, 15W-40. Bawul na daidaita su injin na da zafi, tazarar milimita 0.20 na shiga, 0.36 na fita. Batir biyu ne a jere, bolt 24, kuma na gano abin da ke kashe wa Kawu batir ɗaya duk shekara: wani gwani ya ja wayar rediyo mai bolt 12 daga guda ɗaya, shi kaɗai ke ɗaukar nauyi.

Mako uku kuma na yi da injin da zai tashi lafiya, ya yi ƴan daƙiƙu, ya mutu kamar an shaƙe shi. Akwai wata ƴar na'ura ta lantarki a gefen injin, EDIC, mai sanda zuwa famfon allura. Ita ke buɗe gazuwal ita ke rufewa, kuma in ta ji labarin cewa baƙin mai ba shi da matsi sai ta kashe injin don kada ya ƙone. Na ɗaura agogon matsi na hannu na ga mai na hawa daidai. Ashe ɓera ne ya gaigaye wayar da ke zuwa na'urar matsin man, tana taɓa ƙarfe tana kai rahoton ƙarya.

Duk wannan na faɗa ne don ku san ba jahilin mota ba ne ya shiga mayo, wato busasshen kogi, ran nan.

Ƙafafun gaba su suka fi cin kuɗi. Gwiwoyin biyu suna zubar da wani baƙin kunu, alamar robar da ke raba man difaransiyal da giris ɗin gwiwa ta mutu, sun cakuɗe. Dalili kuwa zanzaro ne ya yi gini a ɗan bututun numfashin akwatin difaransiyal, zafi ya rasa mafita ya tura mai ta roba. Na sayi soket mai lamba 54 musamman don manyan notocin, na buga ƴan zobban nan shida da guntun tagulla har suka yi tsalle, na zare sandar da ke juya taya, na wanke ƙwallayen da kananzir, na cusa sabon giris, sababbin robobi daga Mubi, man giya lamba 90 wajen lita 3. Daga ƙarshe na rufe makullan ƙafa, ƴan murfin nan da ke tsakiyar taya, masu rubutu biyu, FREE da LOCK. Ƙa'idar haɗa su ita ce a mayar da murfin yana kan FREE. Haka na yi. A cikin gari ma haka ake barinsu, ƙaramar sandar giya na kan H2, wato ƙafa biyu na baya kawai ke ja, domin motar ba ta da difaransiyal na tsakiya, in ka ɗaure ta ƙafa huɗu a kan kwalta ƙarafanta ke murɗewa.

To, ranar Litinin, ranar kasuwar Marwa, garinmu a arewacin Kamaru, bayan la'asar. Na ɗauko ƙanin uwargida da maƙwabcina tela mu zaga gari. Ga gada lafiya lau a gabanmu, sai tela ya ce, "Wai ita ba ta shiga yashi ne?" Ku da kuka san Mayo Kaliyawo a watan Maris, ba ɗigon ruwa, yashi ne fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan, yara na ƙwallo, masu jakai na ɗiba. Na ce masa, "Malam, don yashi aka haife ta." Na ja sandar zuwa H4, wato ƙafa huɗu, na danna oda, na gangara ta inda masu amalanke ke bi. A bakin gangarar akwai wani tsoho da farantin goro, na bule shi da ƙura ban ko ɗaga masa hannu ba.

Mun yi kamar taku arba'in. Daidai tsakiya, inda kowa a kan gada zai gan mu sarai, ta fara nishi, bayanta ya fara rawa, ta tsaya. Na yi abin da nake hana kowa yi, na ƙara wuta. Tayoyin baya suka haƙa wa kansu kabari. Na sa ribas, suka ƙara zurfi. Na ja L4, ƙafa huɗu mai ƙarfi a hankali, giya ta ɗaya, na taka, yashi ya tashi sama kamar ana sheƙar gero, mota ta zauna da cikinta daram.

Ƴan kilando, wato ƴan acaɓa, su ne suka fara tsayawa a kan gada. Sai masu dawowa daga kasuwa. Yaran ƙwallo suka bar wasa suka kewaye mu, har da mai tsaron gida. Wani mai ruwan leda ya sauko ya fara ciniki.

Na fito da fuskar wanda ya san abin da yake yi. Na ce wa ƙanin uwargida ya hau ya saki kulochi a hankali, ni kuma na kwanta rubda ciki a yashi mai zafi kamar kaskon suya na leƙa. Kardan na gaba, sandar da ke kai ƙarfi zuwa difaransiyal na gaba, na juyawa. Tayoyin gaba ko motsi. Duk yaron gareji ya san wannan alamar tana nufin ɗayan biyu ne: ko makullan ƙafa a buɗe suke, ko wani abu ya karye a gwiwa. Ni da na haɗa makullan da hannuna, kaina bai ko bi ta kansu ba. Na miƙe, na kaɗe riga, na fuskanci jama'a, na yi musu bayani. Wallahi bayani na yi, da hannu da komai. Na ce akwatin raba ƙarfi lafiya yake tunda kardan na juyawa, matsalar ƙwallon gwiwa ce ta fashe, kayan yanzu ba su da ƙarko. Na zana musu gwiwar a yashi da tsinke. Wani ɗan kilando ya ce, "Gaskiya ne, Patron." Wani ya ce a kira tirakta. Samari takwas suka tura, aka yi kabbara, aka tura, ba ta gusa ko ɗani ɗaya ba, sai yashi da ta watsa musu a baki. Aka kawo kara da tsohuwar tabarma aka cusa a baya, ta haɗiye tabarmar ta tofo ta a yage.

Fiye da awa ɗaya muna wannan.

Sai ga tsohon nan mai goro ya taho, a hankali, farantinsa a hannu, yara na ba shi hanya. Ya tsaya a gabana ya ce, "Salamu alaikum." Ya ja ta sosai, yadda zan ji nauyinta. Na amsa. Ya ce, "An wuni lafiya? Ya iyali? Ya zafi?" Ni gumi na shiga mini ido, shi yana tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ya ce, "Ɗana, wa ya gyara maka motar nan?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Ma sha Allah. Kukan injin ya yi daɗi." Ya ɓare goro ya jefa a baki. Sannan ya nuna tayar gaba da leɓe.

"Ka gaisa da wannan kuwa, ko ita ma oda ka danna mata?"

Na duba. FREE. Da jan fentin da ni na shafa a kibiyar da burushin haƙori don ta fito raɗau.

Ban san yadda zan kwatanta shirun da aka yi ba. Bai kai daƙiƙa biyu ba, amma na ji kukan jaki daga can wajen Domayo. Zanen gwiwata na nan a yashi kusa da ƙafata. Ɗan kilandon da ya ce gaskiya ne Patron shi ya fara fashewa, har da dukan tankin babur, daga nan gada ta ɗauka.

Na durƙusa na murɗa zuwa LOCK, na yi wuf na shiga mota don in ɓace daga duniya, na taka. Ba ta motsa ba. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce to ga shi, ashe dai gwiwar ce. Na leƙo ta taga zan faɗa, sai tsoho ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Kunne biyu Allah Ya ba ta." Na kulle ta hagu na bar ta dama. Difaransiyal kuwa inda ya fi sauƙi yake tura ƙarfi, duk ya tafi ɓangaren da ke sake yana juya iska. Na sake fitowa, na zaga ta gaban mota, gaban mutum ya fi ɗari, na durƙusa karo na biyu. Wannan zagayen shi ne a hoton.

Daga nan shi ya karɓi aiki, ni na koma yaron mota. Ya sa aka kwashe yashin da ke ƙarƙashin difaransiyal biyu da gaban kowace taya, aka yi musu gangara mai sauƙi. Ya sa na sace iskar tayoyin, 7.50R16 ne, daga kilo 3 zuwa wajen 1.2, har suka yi tumbi. Sitiyari a miƙe, L4, giya ta biyu ba ta ɗaya ba, ƙafa kaɗan a kan wuta, kada a taɓa kulochi in ta fara tafiya. Ta fito kamar mai fita daga masallaci. Ashe tsohon direban kamfanin auduga ne, ya ce tun ana tuƙa masu gajeren jiki yake shiga mayo.

Shi ban riƙe shi a rai ba, ko da yake ya amsa da bakinsa cewa tun ina gangarowa ya ga kibiyar, ya zauna ya ga iya gudun ruwana. Na ci ƙurar da na ba shi, mun yi biyan bashi. Wanda ban yafe wa ba shi ne ƙanin uwargida. Yaron nan da ya ci tuwon gidana shekara huɗu yana lise, wato sakandare. A hanyar komawa, muna rarrafawa da tayoyi a saɓule muna neman mai faci, sai ya ce, "Yaya, ai ni na ga rubutun tun a gida." Na ce to me ya hana ka magana? Wai ya ɗauka FREE na nufin ba matsala, kamar yadda ake cewa hanya firi. Mutumin da kullum yake gyara mini Faransanci a gaban baƙi. Kuma lokacin da nake kwance a ƙarƙashin mota, shi yana kan kujerata da iska na kaɗa shi, ashe hannu ɗaya na kan sitiyari ɗaya na kan waya. Daga baya ya sauka ya sami wuri mai kyau ya ɗauki zagayen. Ya rantse mutum ɗaya kawai ya tura wa, yayarsa. Ita kuma da na shiga gida ba ta ce komai ba, ta ajiye mini ruwan wanka, sai da na kai ƙofar bayi ta ce, "Malam, a kulle yake ko firi?" Wannan yaron dai shi ya ari soket ɗina mai lamba 54 tun kafin azumi wai abokinsa zai gwada, shi da ko keke ba shi da shi. Kuma shi ya karya mini hannun gilashin baya ya ce haka ya same shi. Tela ma da ya tunzura ni, ana fara taruwa ya tuna yana da ɗinkin biki.

Mai faci ya karɓi kuɗin taya huɗu, ya ƙara da tambayar ko ni ne na mayo.

Motar dai tana nan lafiya, gwiwa ba ta zubar da komai, injin na tashi bugu ɗaya. Saura robar gilashin baya, in wani zai je Kusiri ko Mubi ya yi mini magana. Kuma wanda ya tafi da shebur ɗina ran nan, mai jan ƙota, na Kawu ne.