Tsamiya tamu ce, amma a takarda ta Indiya ce

Duk wanda ya taɓa zaman haddar sunayen tsirrai na kimiyya don jarrabawa ya san wannan takaici. Ka buɗe littafi ka tarar an rubuta wa aduwa Balanites aegyptiaca, wai ta Masar. Bagaruwa kuma nilotica, ta kogin Nilu. Sabara da maɗaci da gwandar daji da anza kuwa duk senegalensis, kai ka ce Senegal kaɗai Allah ya ba daji. Ba wani abu ya jawo haka ba sai cewa a can masana tsirrai na Faransa suka yi ta tsinkar ganye suna kaiwa gida, irin su Michel Adanson da ya sauka ƙasar a 1749.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce tsamiya. Bishiyar Afirka ce, amma a 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa mata Tamarindus indica, wai ta Indiya, kuma har gobe haka muke rubutawa. Attarugu fa? Capsicum chinense, alhali asalinsa nahiyar Amurka ne, ko kusa babu ruwansa da ƙasar Sin.

Gyara kuma babu. Ƙa'idar sunayen tsirrai ba ta yarda a sauya suna don kawai ya nuna wurin da ba shi ba. Wanda aka fara wallafawa shi ke zama. Sai ɗalibi ya ga dogon yaro indica, wanda da gaske daga Indiya aka kawo shi, ya ga tsamiya ma indica, ya ɗauka tare suka zo. Ranar jarrabawa kuwa ya kuskure harafi ɗaya a aegyptiaca, malam ya zabge masa maki.