Monita na malam ne, wakili na 'yan aji ne

Mutanenmu in ka ce musu yaran firamare na zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a sai su yi dariya, wai ai wasan yara ne. To ni dai tunda 'yata ta shiga aji uku a nan Wels, wani yanki na Birtaniya, na daina yi masa wannan kallon, duk da akwai inda abin ke ban haushi.

A gida kowa ya san yadda ake yi. Malamin aji zai shigo ya duba wanda ya fi ƙoƙari ko wanda ya fi girman jiki ya ce kai ne monita, shikenan an gama. Hed boy da hed gal da mai buga ƙararrawa da lebo firifet kuwa malamai ne ke zama a ofis su tsara, ranar asambili hedimasta ya karanto sunaye mu tafa. Kuma mene ne aikin monita? Ya kwaso alli, ya goge allo, in malam ya fita ya yago takarda ya rubuta sunan masu surutu, in kun yi faɗa da shi jiya sai ka ga sunanka da sau biyu a gefe alhali ko tari ba ka yi ba. Wato idon malam ne a kanmu. Ba wanda ya taɓa tunanin ya aike shi wajen hedimasta da kukan 'yan aji, shi ma bai san akwai wannan aikin ba.

A nan abin doka ce ma. Tun dokar 2005 aka wajabta wa makarantun gwamnati na Wels kafa majalisar ɗalibai, daga aji uku zuwa sama 'yan aji ne ke zaɓen wakilinsu ta ƙuri'ar sirri, kuma dole majalisar ta zauna aƙalla sau shida a shekarar karatu. Tushen abin shi ne sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya ce a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi, kuma fa Najeriya ta amince da wannan yarjejeniyar tun 1991, ba wai kayan Turawa ne kaɗai ba.

Akwatin zaɓen ajin su 'yata kwalin takalmi ne aka tsaga samansa. Kowane ɗan takara ya tsaya gaban aji ya karanta abin da ya rubuto, wani yaro ya yi alkawarin zai ƙara tsawon lokacin tara, abin da ko malamarsu ba ta da ikon yi, aji ya ɗau ihu. Wata yarinya kuma murya na rawa ta ce ita so take a gyara sakatar ƙofar bayi don ba ta rufuwa. Wa kuke zaton ya ci? Mai dogon alkawarin mana. Nan ne haushina, sau da yawa mai yawan abokai ke lashewa, wasu iyayen kuma su ke rubuta wa 'ya'yansu jawabin, kana ji ka san ba bakin ɗan shekara bakwai ba ne. Majalisar ma ba wani iko gare ta ba, shawara kawai take bayarwa.

Amma duk da haka wallahi na fi son wannan. Yaron nan da ya ci sai da ya dawo gaban waɗanda suka zaɓe shi ya faɗa da bakinsa cewa an ƙi ƙara lokacin tarar, suka tsare shi da tambaya, kuma maganar sakatar da shi aka aika tunda shi ne wakili. Monitanmu bai taɓa tsayawa gaban aji ya yi bayanin komai ba.

Na san za a ce ajinmu cike yake maƙil, malam ɗaya ba zai iya ba sai da mai taya shi tsawatarwa. Gaskiya ne, a bar monita da aikinsa. Sai dai a ƙara mutum ɗaya da yara za su zaɓa da kansu, takardar littafi da kwali sun isa, hedimasta ya zauna da su ko sau ɗaya ne a zango, kuma duk abin da suka kawo ya ba su amsa a asambili, ko e ko a'a da dalilinsa.